Wasan kati na cikin salula: akwai ƙarfin da ake bayarwa, akwai wanda ake sayarwa

 

Maganar da muke tafe da ita yau ta samo asali ne daga wata waya da aka bugo mana a filinmu na safe a gidan radiyo. Wata Hajiya ce mai sayar da atamfa da leshi, muryarta cike da ɓacin rai. Ta ce: "Ku ƴan radiyo, don Allah ku yi magana. Ɗana ya koma ɗan karta. Kuma cikin salula yake bugawa, dare da rana. Jiya na duba kuɗin da nake ajiyewa cikin wayata na zubin adashi, na tarar jika goma sun yi ƙafa. Da na matsa masa sai ya ce wai lu'ulu'u ya saya. Na ce to ina lu'ulu'un? Sai ya nuna mani gilashin waya."

Kafin mu rufe filin mutum shida ko bakwai suka bugo, maza da mata, kowa da irin nasa labarin, kuma kusan bakinsu ɗaya: a ƙwace wayar a huta. Mu kuwa a ranar ba mu yi komai ba illa ba Hajiya haƙuri, domin wasan da ake magana a kai ba mu taɓa ganin yadda ake buga shi ba, kuma bai kyautu mai magana a radiyo ya yanke hukunci a kan abin da bai sani ba. Saboda haka muka ɗauki dare huɗu muna zuwa wata fada ta samarin unguwarmu, muna shan shayi, muna kallo, muna tambaya. Ra'ayin da muka taso da shi daga can shi ne cikin waɗannan wasanni akwai ƙarfi iri biyu. Akwai wanda ake raba wa kowa daidai wa daida kyauta, kuma sarrafa shi lissafi ne irin naku na kasuwa. Akwai kuma wanda ake sayarwa, shi ne ya ci jika goma na Hajiya. Uwar da ta iya bambanta su tana iya tsare kuɗinta ba tare da ta ɓata da ɗanta ba.

Wasan da muka fi gani a hannun samarin sunansa Clash Royale. Wani kamfani ne na ƙasar Finlan mai suna Supercell ya fitar da shi ga duniya a watan Maris na 2016. Sunan kati ne ya ruɗi Hajiya, domin mu in aka ce kati ko karta, sai hankalinmu ya tafi ga belot da ƴan caca. Waɗannan katuttuka daban suke. Kowane ɗaya hoton wani mayaƙi ne, ko wani makami, ko wani gini, kuma mai wasa yana tara su ne sannu a hankali, kamar yadda mace take tara kwanoni da tasoshi a ɗakinta. In za a kara, kowa ya zaɓi kati 8 cikin abin da ya tara. Guda 4 ne suke bayyana a hannunsa a lokaci ɗaya, in ya jefa ɗaya wani ya maye gurbinsa. Fagen yaƙin gari biyu ne, da kogi a tsakani da gada biyu a kansa. Kowane gari yana da hasumiya uku, ta sarki a tsakiya, biyu a gefe. Minti 3 ake yi, wanda ya fi rushe hasumiyar ɗan uwansa shi ya ci, in kuwa an yi kunnen doki a ƙara lokaci. Abokin karawar mutum ne mai rai, yana iya zama a Turkiyya ko Birazil ko a bayan gidanku.

To, a ƙasan gilashin akwai wani mazubi mai launin shunayya da ke cika a hankali. Samarin suna ce masa eliksir, mu dai bari mu kira shi ɗigon ƙarfi. Kowane kati yana da farashinsa rubuce a jikinsa, kuma da wannan ɗigo ake biya. Ƴan ƙananan ƙwarangwal ɗigo 1 ne, barde 3, ƙato 5, wani jibgegen dodon dutse kuwa 8. Ɗigo ɗaya yana sauka duk bayan sakan 2,8, kuma mazubin ba ya ɗaukar fiye da 10. A mintin ƙarshe saurin saukar yana ninkawa. In kuka lissafa za ku ga minti biyu na farko suna kawo ɗigo kusan 43, mintin ƙarshe shi kaɗai ya kawo kusan 43. Wannan shi ne jarin, kuma ɗan attajiri da ɗan mai tallar ƙosai gudun ɗigonsu ɗaya. Babu jikar da za ta sa naka ya fi na wani saurin sauka.

Abu na farko da muka lura da shi ga waɗanda suka iya shi ne ba su barin mazubi ya cika ya tsaya. In ya kai 10 kana ta nazari, duk ɗigon da ya zo bayan nan zubewa yake yi, abokin karawarka kuwa yana aiki da nasa. Wace mai sana'a ce ba ta san wannan ba? Kuɗin da ke kwance ƙarƙashin katifa ranar kasuwa, alhali ga kaya da araha, asara ce ko da ba a sace ko dala ba.

Abu na biyu shi ne musaya, kuma nan ne muka ga kan yaran yana aiki. Akwai wani kati na garken ƴan aljanu masu fiffike, farashinsa ɗigo 5. Akwai kuma katin ruwan kibau, farashinsa 3, kuma in ya sauka a kansu sai ya kashe su duka. Wanda ya kashe 3 ya cinye wa wani 5, ya samu ribar 2 ke nan, ko da babu hasumiyar da aka taɓa. Haka nan akwai wani ƙaƙƙarfan mayaƙi mai sulke na ɗigo 7 wanda ba ya iya sara sai ɗaya bayan ɗaya, to in aka zuba masa rundunar ƙwarangwal ta ɗigo 3 sai su yanyame shi. Wani saurayi mai gyaran babur, wanda muka ga ya fi kowa ci a fadar, muka tambaye shi me yake kallo da idonsa ba ya ƙiftawa. Ya ce: "Yaya, ni aljihunsa nake ƙirgawa. Ya jefa na 5, ya jefa na 4, ka ga saura masa 1. Yanzu in na tura ƙatona ba shi da abin tarewa." Mun yi shiru muna tuna alhazan da muka sani a kasuwar hatsi, waɗanda kafin su taya buhu sun riga sun san nawa ya rage a hannun maƙwabcinsu.

Abu na uku shi ne kada ka ƙarar da aljihu. Dodon dutsen nan na ɗigo 8 yana da ban tsoro, in ya isa hasumiya sai dai wani ikon Allah. Amma wanda ya jefa shi tun farkon wasa ya bar kansa da ɗigo 2 kacal, abokin karawarsa kuwa in mai wayo ne ba ya ma tsayawa tarewa, sai ya ƙetara ta ɗaya gadar da mayaƙa masu sauri ya rushe hasumiya kafin dodon ya gama tafiyarsa ta ƙasaita. Mun ga wani yaro ya yi wannan kuskure sau uku a jere, yana ta zagin wayar. Masu hankali suna lallaɓawa da ƙananan kati, suna tsare gida, sai mintin ƙarshe da ɗigo ke zuba ninki biyu sannan su saki dodon tare da masu rufa masa baya. Ku duba mutumin da ya kwashe jarinsa kaf ya sayi albasar Galmi ya jibge yana jiran tsada. Yana iya cin riba mai yawa, amma in rashin lafiya ta shigo gida kafin farashi ya tashi, dole ya sayar da araha ko ya ci bashi. Wanda ya daɗe a harkar yana barin wani abu a hannu, kuma ya san watan da ake sakin kaya.

Tun wajen zaɓen kati takwas ɗin ma akwai lissafi, domin wasan da kansa yana nuna maka matsakaicin farashin abin da ka zaɓa. Wani yana tara masu araha, yana juya su da sauri, ƴar ɓarna kaɗan kaɗan har hasumiya ta faɗi, kamar mai tebur da ke juya ashana da sukari da sabulu sau da yawa a wuni. Wani kuma yana tara masu tsada, yana jira ya yi bugu ɗaya mai nauyi, kamar babban dila mai jiran mota guda. Kowannensu yana ci in ya san halin jarinsa. Wanda ke shan kashi shi ne mai kwaɗayi, wanda ya cika hannunsa da manyan kati saboda kyan hotonsu, sai a kawo masa hari yana riƙe da na 7 da na 8 alhali ɗigo 3 gare shi. Har ma akwai wani gini na ɗigo 6 wanda ba ya yaƙi, aikinsa kawai ya riƙa haifar ɗigo, kuma in ya rayu har ƙarshe yana mayar da fiye da abin da ya ci. Sai dai lokacin da ka kafa shi aljihunka ya yi sauƙi, abokin karawa kuma yana iya jefa masa wuta ya ƙone. Duk wadda ta taɓa cire kuɗi daga jari ta sayi injin niƙa ko firjin ƙanƙara ta san wannan fargaba.

Akwai wasu wasannin irin wannan da samarin suka nuna mana, kowanne da tasa dokar ƙarfi. Akwai Hearthstone na kamfanin Blizzard na Amurka, wanda ya fito a 2014. Shi bi da bi ake yi kamar dara. A zagayen farko ƙarfinka 1, na biyu 2, haka yake hawa har 10, kuma abin da ba ka kashe ba a zagayenka ba a ajiye maka shi. Saboda haka gwani yana shirya katinsa 30 yadda kowane zagaye zai samu abin saye daidai kuɗinsa. Wanda ya zo na biyu wajen farawa ana ba shi ƙarin kati da wani tsaba guda mai ba da ƙarfi 1 sau ɗaya tak, don a rage masa zafin jinkiri, kuma sanin zagayen da za a kashe wannan tsaba shi kansa ilimi ne. Abin da ya fi ba mu dariya shi ne har bashi akwai. Wasu katuttuka suna yin aiki fiye da farashinsu yanzu, amma sai su kulle maka wani kaso na ƙarfin zagaye mai zuwa. Ka ci na gobe yau ke nan. In bugun ya gama da abokin karawa, bashin ya yi rana. In bai gama da shi ba, gobe ta same ka hannu ɗaure.

Akwai kuma Marvel Snap, na kamfanin Second Dinner, wanda ya fito a watan Oktoba na 2022. Kati 12 ne, zagaye 6, ƙarfin kuma daidai lambar zagaye, wato in aka haɗa 1 da 2 da 3 da 4 da 5 da 6, jarin duka 21 ne. Fage uku ake takara a kansu, wanda ya rinjaya a biyu ya ci. Don haka mai zuba ƙarfinsa a fagen da ya riga ya ci, ko fagen da ya riga ya kuɓuce masa, almubazzari ne. A nan har rashin kashewa yana iya zama dabara, domin akwai wani babban kati da ba ya jefuwa sai in ba ka jefa komai ba a zagayen da ya gabata. Wasan kuma yana ba ka damar janyewa in ka ga ba nasara, ka yi ƙaramar asara maimakon babba, kamar mai tumatir da ke karya farashi da la'asar kafin kaya su ruɓe. Sai dai akwai wani abu a cikinsa da bai kwanta mana ba. Mai wasa yana iya ninka makin da ake takara a kai, abokin karawa ma ya ninka, har ya kai 8. Maki ne kawai, babu kuɗi a ciki, amma bugun zuciyar da yake koya wa yaro ɗan uwan na caca ne, kuma ya kamata iyaye su san da shi.

Kada wani ya ce ƴan radiyo sun ce wasan salula makarantar kasuwanci ce. Kamar da wane ba ta wane. Ɗigon ƙarfi yana dawowa da kansa ko ka yi wauta, jari kuwa in ya karye sai an yi shekara ana ɗori. A wasa in aka cinye ka sai ka danna ka sake, babu mai bin ka bashi, babu ƴaƴa masu jiran tuwo, babu kuɗin haya, babu patanti. Wasan kuma ba ya koya wa yaro fara'a ga mai saye, ko riƙon amana, ko haƙurin zama rumfa cikin zafin watan Afirilu. Abin da muka gani da idonmu shi ne yaran da ake ce wa ba su ja a lakwal suna riƙe lissafi biyu a ka lokaci ɗaya, nasu da na abokin karawa, cikin sakan biyu ko uku. Kan yana nan. Saura a samu mai jawo shi zuwa inda zai yi amfani.

Yanzu sai mu koma ga jika goma na Hajiya. Saukar da waɗannan wasanni kyauta ne, to amma ina masu su ke samun abinci? A shekarar 2016, kamfanin Tencent na ƙasar Sin da abokan hulɗarsa suka sayi kaso mafi yawa na Supercell a kan miliyar 8,6 na dalar Amurka, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Ba a biyan irin wannan kuɗi don abin da ba ya kawo komai. Ga inda dabarar take. Ɗigon cikin fage ba a sayar da shi, amma kowane kati yana da mataki, kuma barden da aka ɗaga matakinsa ya fi na ƙasa ƙarfi da juriya alhali farashinsu a fage ɗaya ne, ɗigo 3. Ɗaga mataki yana son tarin kati iri ɗaya da zinariyar wasa. Mai haƙuri yana samunsu a hankali ta hanyar bugawa. Marar haƙuri sai a nuna masa kanti, ga lu'ulu'u, ga tikitin wata, ga garaɓasa wadda agogo ke ƙirga saura awa kaza ta wuce. A shekarun farko na wasan, akwatin kyautar da ka ci ma sai ka jira awoyi kafin ya buɗe, in kuwa ka ƙosa ka ba da lu'ulu'u ya buɗe nan take. Yaron da aka cinye sau biyar a jere, zuciyarsa na tafasa, a daidai lokacin ne kantin ke yi masa murmushi.

Wani wasan mai suna Pokémon TCG Pocket, wanda ya fito a ƙarshen Oktoba na 2024, ya ƙara fito da abin fili. A cikin fage ana ba kowa ƙarfi ɗaya a zagaye, ya zaɓi dabbar da zai liƙa wa. A wajen fage kuma ana ba ka ƙunshin kati 5 kyauta duk bayan awa 12. In ba ka iya jira, akwai abin rage awoyi, akwai kuma zinariyar da ake saye da kuɗi na gaske. Ba ka san abin da ke cikin ƙunshin ba sai ka buɗe. Wato kana biya ne kafin ka ga kaya. Wace ce cikinku za ta ba da kuɗin turmin atamfa a ɗaure cikin buhu, a ce mata wataƙila holan ce, wataƙila ƴar roba? Irin wannan ciniki na akwatin sa'a shi ne hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta bincika a 2018, ta ce wanda ake biya da kuɗi a wasu wasanni ya shiga ƙarƙashin dokar caca. Mu ma da muka san hukuncin caca a addininmu, bai kamata mu ɗauki wannan gefe da wasa ba.

Ban da kuɗin lu'ulu'u akwai wasu ƙananan ramuka da ba a gani. Akwai kuɗin mega, akwai kuɗin cajin waya ranar da babu kuran, akwai kuma barci. Wasa ɗaya minti 3 ne, shi ya sa yaro ke cewa "saura ɗaya" har asalatu. Hukumar lafiya ta duniya ta amince a 2019 da sanya kamuwa da wasannin na'ura cikin kundin cututtuka, kundin kuma ya fara aiki a Janairun 2022. Ba kowane mai wasa take nufi ba. Tana nufin wanda ya kasa riƙe kansa, wasa ya ture masa karatu da aiki da zumunci, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, har tsawon lokaci. Ƙasar Sin kuwa a 2021 ta kafa doka cewa ƴan ƙasa da shekara 18 ba su buga wasan intanet sai awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare. Su can suna da hanyar tilasta wa kamfanoni su rufe ƙofa. Mu nan babu mai yi mana wannan gadi sai mu da kanmu.

Masu cewa a ƙwace waya muna ganin dalilinsu, kuma akwai yaron da ba abin da ya dace da shi sai hakan, musamman ƙarami wanda bai kai ya riƙe waya ba tun farko, ko wanda hannunsa ya saba da ɗauka. Amma ga saurayi ɗan shekara 15 ko 17, ƙwace waya sau da yawa ba ya kashe wasan, sai dai ya mayar da shi fada, a wayar aboki, inda idonki ba ya kaiwa. Kin rasa ganin abin da yake yi, shi kuma ya koyi ɓoyo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tanƙwarawa da karyawa ba ɗaya ba ne.

Ga abin da muke ba da shawara. Da farko ki rufe bakin jaka. Lambar sirri ta kuɗin cikin wayarki taki ce ke kaɗai, ko da shi ne ke karanta maki saƙo, ko shi ke tura maki kuɗi ga dila. Ki karɓi wayar ki danna da hannunki, kuma wadda ya riga ya sani a canza ta yau. Alhaji, kai ma kada ka bar katin bankinka a liƙe cikin wayar da yara ke ɗauka. A kafa doka a gida a fili: wasa da ɗigon kyauta an yarda, a lokacin da aka yanka, bayan karatu da aiki da salla. Sayen lu'ulu'u da ƙunshin sa'a kuwa babu, ko da kuɗinsa ne na kansa, sai ya zo an zauna an yi magana. Waya kuma ta kwana a ɗakin uwa.

Sa'an nan ki zauna kusa da shi wuni ɗaya ki ce ya nuna maki. Ba sai kin iya karatu ba, lambobi ne daga 1 zuwa 10. Ki tambaye shi nawa wannan kati, nawa ya rage maka, me ya sa ba ka jefa babban ba. Za ki ji yana maki bayanin riba da asara da bakin da ba ki taɓa jin ya yi magana da shi ba. Daga nan sai ki juya masa tambayar. Ki ce: "To ɗana, kai da ba ka yarda ka ba da 5 a kan abin 3, yaya aka yi ka ba da jika goma a kan abin da ba ka iya sayarwa ko dala?" Wannan tambaya da harshensa aka yi ta, kuma ta fi bulala shiga.

Abu na ƙarshe, ki gwada shi a rumfa. Ki ware masa ɗan jari, ko jika biyu ne, da ɗan gefen tebur, ranar da babu lakwal. Ki ce ga mazubinka, ba ya cika da kansa, kuma ranar Juma'a za mu yi lissafi. In ya karya, asarar jika biyu ce, kuma ya koyi abin da waya ba ta koya masa ba. In ya juya su suka zama uku, kin samu mataimaki.

Ku kuma samari, mun sha shayinku, mun gode, amma ba za mu rufe ba sai mun gaya maku gaskiya. Wanda ya ci wasa da lissafinsa shi ne gwani. Wanda ya ci don ya sayi mataki da kuɗin adashin uwarsa, ya sani zubin nan amana ce ta mata da yawa, kuma ranar kwasa ita za ta tsaya gabansu da kunya. Ku je ku nemi gafara, ku biya ko da kaɗan kaɗan ne.

Hajiya mai atamfa, in wannan jarida ta iso rumfarki, ki sa yaron nan da kansa ya karanta maki ita da ƙarfi. Muna jiran wayarki a filinmu na safe mu ji yadda kuka ƙare. Allah shi shirya mana zuri'a, shi sa albarka a kasuwa, amin.